Tukunya biyu a gida ɗaya: amsa ga mai raba tuwo da nama

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a unguwar Yelwa, nan Garwa. Shekarata 39, 'ya'yana biyar, ɗinki nake yi a gida. Tun haihuwar autana jikina ya buɗe har na kai kilo 92, ga kumburin ciki bayan cin abinci. Wata ƙawata ta haɗa ni da wata mata a Yawunde da ke koyar da rejim, wato tsarin cin abinci don rage ƙiba, ta WhatsApp, na biya ta sefa dubu goma sha biyar. Dokokinta su ne: kada a haɗa tuwo, shinkafa ko burodi da nama, kifi ko ƙwai a zama ɗaya, sai an bar awa huɗu tsakani, kayan marmari sai da safe kafin a ci komai, ba a shan ruwa ana cin abinci, nono kuma shi kaɗai ake sha. Ta ce in an haɗa, abincin ruɓewa yake yi a ciki ya zama guba da kitse. Watan farko na rage kilo uku, kumburin ya yi sauƙi. Yanzu ina wata na uku, sikeli ya tsaya cik, ina yawan jin jiri, tukunya biyu nake ɗorawa, kuɗin cefane ba ya isa. Maigida yana da ciwon suga, yana shan magani. Na so in sa shi a kai, ya ce shi ba zai ci tuwo da miya lami ba. Surukata ta goyi bayana a abu ɗaya, wai dama kifi da nono kuturta suke kawowa. Matar ta ce in ƙara dubu goma a kai ni mataki na biyu. In biya?

Ƙanwarki daga Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki biya. Dubu goman nan ki je asibiti da ita a auna miki jini, don jirin da kika ambata a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba ya fi tsaya mini a rai fiye da sikelin da ya ƙi motsi. Maigida kuma ki bar shi da tuwonsa da namansa. Gardamar da ya yi miki ta yi masa rana, za ki ji dalili in mun zo kansa.

Kilo ukun da kika zubar gaskiya ne, ba mai ƙwace miki shi. Abin tambaya shi ne me ya zubar da shi. Ki tuna yadda kwanonki ya koma tun da kika fara. Tuwo da miyar da ba nama ba kifi, malmala nawa kike iya ci? Wadda ta saba tashi da biyu, da ƙyar za ta gama ɗaya. Da dare kuma da aka ce nama ko kifi zalla, a tsadar da ake ciki, wa ke cin nama ya ƙoshi a gidan mutum bakwai? Yanka biyu ne ko uku, sai ganye. Ga dokar awa huɗu, wadda ta kore shayin hantsi da burodi, ta kore fanke da soyayyar gyaɗar da ake jefawa a baki ana taka keke. Ke ba kya lissafa su cikin abinci, amma jiki yana lissafawa. Cinki ne ya ragu, kuma duk wanda cinsa ya ragu zai saɓe, ko ya raba ko ya haɗa.

An gwada wannan. A shekarar 2000 likitocin asibitin jami'ar Janiba a ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Alain Golay, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 54 masu ƙiba. Sun kwantar da su a asibiti mako shida don kada kowa ya ci wani abu a ɓoye, kowa kalori 1100 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Wasu ana raba musu nau'o'in abinci, wasu ana ba su a haɗe kamar yadda kowa ke ci. Masu rabawa suka rage kimanin kilo 6.2, masu haɗawa kimanin 7.5. Likitocin suka ce tazarar ba ta kai a gina hukunci a kanta ba, wato kunnen doki aka yi. Amma dai rabawar ba ta ƙara wa kowa komai ba.

Tsarin nan ya girme ni, ya girme ki, ya girmi matar Yawunde. Wani likita ne a Amurka, William Howard Hay, ya yi fama da ƙiba da ciwon ƙoda, ya sauya cimarsa, ya rage ci sosai, ya ji sauƙi, sai ya ɗora nasarar a kan rabawa, ya fitar da littafi a 1929. Daga baya Herbert Shelton ya ƙara dokar kayan marmari da sauransu, sannan a shekarun 1980 Michel Montignac ya farfaɗo da wani reshensa a Faransa, ya cika mujallun mata masu Faransanci. Ta wannan hanyar ya iso mana Kamaru. Duk bayan 'yan shekaru sai a sake masa suna a sa masa farashi.

Hujjarsu ita ce wai sitaci, irin na tuwo da shinkafa, ba ya narkewa sai a inda ba tsami, shi kuma nama sai a cikin tsami, saboda haka in sun haɗu kowa zai ɓata wa ɗan'uwansa aiki. Farkon maganar daidai ne. Miyau yana da sinadarin da ke fara narka sitaci tun a baki, shi ya sa in kin daɗe kina tauna burodi kike jin ya fara zaƙi. Tumbi kuma yana zubo ruwan asid mai ƙarfi tare da sinadarin da ke fara farfasa nama. Sai dai sun tsaya a tumbi, alhali babban aikin ba a nan ake yin sa ba. Tumbi dama abinci yake yi ya mayar da shi kamar kunu, ya riƙa tura shi kaɗan-kaɗan cikin ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita shida. A bakin hanjin nan wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, take zubo ruwanta. A cikin ruwan akwai wani sinadari ɗan'uwan kanwa da ke kashe tsamin, akwai mai narka sitaci, akwai masu narka nama, akwai mai narka maiƙo, duk a tare suke fitowa, a zubi ɗaya. Kuma ko gayan tuwo kika ci, tumbi sai ya zubo asid ɗinsa. Ƙanshin girki ma kaɗai yana sa ya fara. Babu wani zama da sitaci zai wuce bai gamu da tsami ba.

In kina son hujjar da ba sai an je asibiti ba, ki tambayi matar ina za a ajiye wake. Fiye da rabinsa sitaci ne da danginsa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin ne, sinadarin gina jiki irin na nama. A ƙwaya ɗaya Allah Ya haɗa su. Gero da dawa ma suna da furotin wajen kashi goma cikin ɗari. Nonon uwa da kika shayar da yara biyar da shi, suga ne da maiƙo da furotin a gauraye, kuma cikin jariri, da ya fi kowane ciki laushi, yana narka shi lafiya lau. Fulanin da ke kawo mana kindirmo, fura da nono suka tashi a kai kaka da kakanni, ban ga ƙiba ta dame su a ruga ba.

Maganar ruɓewa kuwa ita ta fi ba ni haushi, don da ita ake tsorata mata. Ruɓewa aikin ƙwayoyin bakteriya ne, su kuma yawancinsu ba sa iya rayuwa cikin asid ɗin tumbi. Tun kusan shekara ɗari biyu aka ga wannan da ido. A 1822 harsashi ya huda cikin wani saurayi mai suna Alexis St. Martin, raunin ya warke ya bar ƙofa har cikin tumbi. Likitansa William Beaumont ya shafe shekaru yana zura abinci a ɗaure da zare ta ƙofar yana ciro shi, ya buga abin da ya gani a 1833. Cikin abin da ya rubuta har da cewa ruwan tumbi hana nama ruɓewa yake yi. Abinci kan yi 'yan awanni a tumbi ya wuce. Mangwaron da kika sha bayan tuwo zai ɗan jira layi, iyakar abin da zai same shi ke nan.

Iskar da ke kumbura ciki can ƙasa take samuwa, a babban hanji, inda bakteriya masu amfani suke zaune suna cin abin da ƙaramin hanji bai narka ba: dusar hatsi, ɓawon wake, albasa, kabeji. Wannan kowa yana yi, har matar Yawunde. Sauƙin da kika samu, ina zargin abu biyu. Ɗaya, kin daina cika ciki. Biyu, da aka ce nono shi kaɗai, kin rage shan madara. Manya da yawa cikinsu ba ya narka sugan da ke cikin madara, sai ta sa su kumburi da ƙugin ciki, ko da me aka sha ta. Fulani galibi sun tsira daga wannan, mu sauran sai wanda Allah Ya ba. Kindirmo da nono mai tsami sun fi sauƙi, don tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sugan. Wake kuma ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa ya nuna luguf.

Hana shan ruwa ban ma san ta inda zan kama shi ba. A Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40? Ruwa ba ya kashe narkewar abinci. Ki sha kafin ci, ki sha kina ci. Kofin ruwa ɗaya kafin ki sa hannu a kwano ma yana rage yawan abin da za ki ci.

Amma maganar haɗa abinci hanjin jimina ce, akwai na ci akwai na zubarwa. Gaskiya ne abin da aka ci tare yana shafar juna, sai dai yawanci ribar tana wajen haɗawa. Ga inda jirinki ya shigo. Mace mai haila da ta haihu biyar, ba wuya sinadarin ƙarfe da ke gina jini ya yi mata ƙaranci. Wanda ke cikin wake da ganye, irin su zogale da tafasa da alayyafo, jiki ba ya tsotsarsa da kyau. Abu biyu ke taimaka masa: ɗan nama ko kifi a cikin miyar, da bitamin C, irin na lemon tsami, gwaiba, tumatir ɗanye ko garin 'ya'yan kuka, a ci su a zama ɗaya. Rejim ɗinki ya cire naman daga miya, ya kuma kore kayan marmari zuwa safiya su kaɗai. Duka ƙofofin biyu ya rufe. Haɗin da ya kamata a hana ki, ba a hana ki ba: baƙin shayi mai kauri a kan abinci yana iya rage ƙarfen da jiki zai samu daga hatsi da ganye da fiye da rabi. Ki bar awa ɗaya tsakanin kwano da shayi. Ba zan yanke cewa ƙarancin jini ne ke damunki ba sai an auna, don yunwa da ƙishirwa ma suna sa jiri, kuma duka biyun kina cikinsu. In kin je, a duba jini, a duba suga, a duba hawan jini.

Haka bitamin A na karas da zogale, da ɗan maiƙo jiki ya fi ɗaukarsa. Haka hatsi da wake: abin da furotin ɗin gero ya rasa wake yana da shi, abin da wake ya rasa gero yana da shi. Iyayenmu da suka ƙirƙiro ɗanwake da shinkafa da wake da kunun gyaɗa ba su karanta wannan ba, amma sun dace. Inda ake raba nono da wani abu da gaske shi ne wasu magunguna, irin su tetracycline da ciprofloxacin, don nono yana hana su shiga jini yadda ya kamata. Wannan likita ko mai kantin magani zai faɗa miki.

Yanzu maigida. Ga mai ciwon suga, tsarin nan juye yake da abin da ake so. Tuwo ko shinkafa su kaɗai suna narkewa da sauri, sugan jini ya yi tsalle. In akwai kifi, wake, ganye da ɗan mai tare da su, tumbi yana sakin abincin a hankali, sugan ya hau a hankali. Har shawara ake ba masu ciwon su fara da ganye da nama kafin su taɓa tuwon. To ki duba abin da kika so yi masa: da safe kwanon mangwaro ciki ba komai, da rana sitaci zalla, da dare kuma ba sitaci ko kaɗan. In maganinsa irin glibenclamide ne ko allurar insulin, daren nan sugansa na iya faɗuwa, ya tashi da gumi da rawar jiki, wani har suma. Kada a sauya masa tsarin ci sai da sanin likitan da ke duba shi. Abin da za ki iya yi masa tun yau shi ne ki rage girman malmala, ki yawaita miya da ganye, shayinsa ba suga, lokacin cin abincinsa kada ya riƙa gocewa.

Surukarki kuma a bi ta a hankali, maganar ta daɗe a bakin manya. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873, ana ɗaukarta ta doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta. Fararen tabon da ke fitowa a fata, da wasu ke ɗora wa kifi da nono, garkuwar jiki ce ke far wa ƙwayoyin da ke ba fata launi. Abin da na yarda yana faruwa shi ne mutum ya ci kifin da ya taso daga Lagdo ya wuni a rana, ya kora da madarar da ba a tafasa ba, cikinsa ya ɓaci, a ce haɗin ne. Kowannensu shi kaɗai ya isa. Amma ba farilla ba ne a ci kifi da nono tare. In ranta ba ya so, kada ki ajiye mata su a tabarma ɗaya, ba ki rasa komai ba. In kuma hira ta kawo, ki tuna mata cewa ya tabbata a Bukhari da Muslim Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ci kokwamba da ɗanyen dabino tare, kuma abincin da ya yaba, sarid, gurasa ce da ake jiƙawa da romon nama. Abin da ya ja mana kunne a kai shi ne cika tumbi: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Ki koma tukunya ɗaya, ki ci abin da gidanki ke ci. Kuɗin tukunya ta biyu ki mayar da shi wake da ganye da busasshen kifi. Naki kwanon ne zai bambanta: rabinsa miya da ganye, malmala ɗaya madaidaiciya, sai abin da ya samu na kifi, nama ko wake. Dokar awa huɗu ki riƙe ruhinta, wato ba ciye-ciye tsakanin abinci, don ita ce ta yi miki aiki. Sannan ki sa ido a kan abu biyu da ba su cika ido amma sun fi tuwo ɓarna. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, ki ƙirga cokali nawa ne a ludayin da ake kwararawa a miya. Kwalbar lemo ƙarama kuma tana ɗauke da suga kusan ƙwaya bakwai, ban da wanda ake zubawa a shayi da zoborodo.

Tsayawar sikeli ba alamar kina buƙatar mataki na biyu ba ce. Jiki in ya ragu, abin da yake ƙonawa ma raguwa yake yi, kuma da wuya a ce ba ki fara ɗan ƙara loma ba saboda yunwa. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. A nauyinki, in kin zubar da kilo biyar zuwa tara kika riƙe, gwiwa da hawan jini da suga duk za su shaida. Mai ɗinki wuni take a zaune, saboda haka ki samu rabin awa ta tafiya da sauri, kwana biyar a mako, bayan asuba kafin rana ta buɗe ko bayan la'asar sakaliya. In kin ja maigida kun tafi tare, shi ma maganinsa ne.

In kumburin ya dawo da zafin ciki ko ƙwannafi mai naci, ki nemi a yi miki gwajin ƙwayar H. pylori, mai kawo gyambon ciki. Tana da yawa a ƙasashenmu kuma tana jin magani. In kika ga baƙin bayan gida, ko amai mai yawa, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, ko rama ba dalili, wannan ba na jira ba ne.

Ƙawarki kada ki yi faɗa da ita, da kyakkyawar niyya ta kai ki. Matar kuma ki gode mata ki ce kin tsaya a nan. Mai yiwuwa ta biyo ki da wani shayi ko gari na wanke ciki. Da yawansu ganyen filasko ne ko danginsa, zawo suke sawa, ruwa ya fita, sikeli ya sauka kwana biyu ya koma inda yake. Mai jiri ba ta da ruwan da za ta zubar.

Allah Ya ƙara lafiya. A gaida maigida da yara, a gaida Hajiya.